Ƙarar ƙarfe a gidan sarƙa na hagu: kwamfensata ce ko wani abin?

Direban_Dogon_Zango:
Assalamu alaikum, malamai. Babur ne Harley-Davidson mai injin Twin Cam 96, ƙirar 2009. In injin ya yi zafi aka danna sitata, sai a ji gwaf daga ɓangaren hagu, wani sa'in har ya tokare ya buga baya. Da an kashe ma sai ya yi wannan ƙarar. A giya ta biyar ko ta shida, in gudu ya yi ƙasa, yana ta kwaram-kwaram. Ta yaya za a tabbatar kwamfensata ce (abin da ke shanye bugun injin kafin ya isa sarƙa) kafin a kwance, kuma me ake canzawa?

Bakanike_Tsoho:
Wa alaikumus salam. Alamun nan uku duk nata ne, amma kada ka taɓa sifana tukuna. Fara da batir. Batir mai rauni ba ya iya tsallakar da fistin a lokacin matsi, sai injin ya buga baya, mutum ya ɗora wa kwamfensata laifi. Auna shi ana cikin danna sitata; in ya faɗi ƙasa da bolt 9.6, canza shi, ka goge kawunan wayoyin.

In batir lafiya, zubar da man gidan sarƙar ka duba maganaɗisun da ke jikin notin zubarwa. Baƙin gari mai laushi ba komai ba ne. Ɓarɓashi mai ƙyalli wanda kake ji a tsakanin yatsu shi ne abin tsoro.

Aikinta ke nan: tana bakin karanshaf, haƙoran sarƙa na zaune a kan wani ƙarfe mai tudu uku da ke zamewa, a bayansa kuma akwai jerin sifirin masu siffar faranti. Duk bugun fistin, ƙarfen ya hau tudun ya matse sifirin, ta haka bugun ba ya isa ga sarƙa da giya da ƙarfinsa. Idan sifirin suka saki, ƙarfen yana kaiwa maƙura ya daki ɗan'uwansa, shi ne gwaf ɗin da kake ji. Cire murfin gidan sarƙar, ka kama haƙoran da hannu ka juya gaba da baya. Mai lafiya da ƙyar take motsi. In ta yi wasa ba turjiya, ta gama. Duba tudun ma: in ka ga rami, ko jan gari kamar tsatsa, mai ba ya isa wurin.

Hajiya_Injiniya:
Malam ya gama da bincike, ga aikin. Cire wayar batir ta baƙi tukuna. Ɗaure abin ɗame sarƙa da igiyar roba kafin ka kwance shi, domin shi da kansa yake ƙara ɗamewa, in ya buɗe sai ya matse sarƙar fiye da kima ya cinye boris. Sa ƙarfen tokara tsakanin haƙoran gaba da na kuloci. Notin kwamfensata yana kwancewa yadda aka saba, amma na kuloci zarensa na hagu ne, ta dama ake kwance shi. Nan mutane da yawa ke lalata zare. Kwamfensata da sarƙa da kuloci tare suke fitowa.

Kada ka mayar da irin ta 2009. Sa irin Screamin' Eagle ta kamfanin Harley wadda aka gyara a 2014, mai kwatar tara mai da ake mannawa a cikin murfi. Sai dai rotan janareta na 2009 da kofin sifirin a jikinsa yake, don haka dole shi ma a canza shi. Yi hattara da yatsunka, maganaɗisunsa na fizga da ƙarfi. Wanke ramin zaren karanshaf tas da abin wanke birki, ka busar, domin in da mai ko tsohon gam a ciki noti zai nuna ya ɗauru alhali bai kai ƙasa ba. Ɗiga jan Loctite, gam ɗin riƙe zaren noti. Sabon notin mai kan Torx T70 ne: ɗaure zuwa Nm 136 (Nm ma'aunin ƙarfin ɗauri ne), sassauta rabin zagaye, sannan ka kai shi Nm 237. Na kuloci Nm 95 zuwa 108. Jera sifirin daidai yadda takardar kayan ta nuna. Faranti ɗaya in ya juya baya, ƙarar za ta dawo. Sabon gasket, sannan a bar gam ɗin kwatar ya bushe kafin a zuba mai.

Mai_Sifana:
Ƙari ɗaya, ranka ya daɗe. Akwai masu cire ta gaba ɗaya su sa haƙora zalla marasa sifirin. Ƙara tana ɓacewa, gaskiya ne, amma ban goyi baya ba. Karanshaf ɗin Twin Cam matse shi aka yi, ba zubi ɗaya ba ne, kuma bugun da ba a shanye ba yana iya gocar da shi. Kuma bayan gyara, daina jan babur a giya ta shida ƙasa da juyi 2,000 a minti. Wannan jan shi ke kashe sifirin da wuri, ko sabo ne.