Wane suna ya dace da fangas ɗin da ke kashe 'ya'yan kifi?

'Yan uwa masu kiwon kifi a Kano, hunturu ya ƙarato, kuma kowa ya san cewa a watannin Disamba da Janairu, lokacin da ruwan tanki ke yin sanyi ƙalau, 'ya'yan tarwada kan fito da wani farin abu kamar audugar da aka jiƙa, a fatarsu ko a ƙayar bayansu. Mun saba cewa fangas, amma ina ganin Hausa ba ta rasa abin da za ta kira shi ba.

An kawo shawarar a ce ƙwayar cuta kawai. Wannan ita ce na fi ƙi, domin da zarar manomi ya ji ta, kantin magani zai nufa ya sayo kafso irin na kashe bakteriya ya juye a ruwa, alhali wannan halitta, wadda masana ke kira Saprolegnia, ba ta jin irin wannan magani ko kaɗan. Sunayen makero da gansakuka ma ba su dace ba, domin makero cutar fatar mutum ce, gansakuka kuwa koriya ce, kuma da hasken rana take rayuwa.

Ni funfunar ruwa na zaɓa. Duk wanda ya taɓa buɗe kwanon tuwon da ya kwana biyu a rufe ya san funfuna, ya kuma san cewa a kan abin da ya fara lalacewa take tsirowa. Halin wannan ma ke nan: a wurin ƙyanƙyasa, ƙwan da ya mutu ya yi fari take fara kamawa, daga nan zarenta ya miƙe zuwa lafiyayyun da ke maƙwabtaka da shi, a jikin kifi kuwa tana shiga ta inda raga ta kurje shi wajen tacewa, ko inda ɗan uwansa ya cije shi. Masana sun ce ba cikin dangin funfunar burodi take ba, to amma ƙara kalmar ruwa ya isa ya raba su.

Amfanin sunan shi ne yana nuna magani. Wanda ya ji funfuna zai fara da tsame matattun ƙwai, ya canza ruwa, ya rage cunkoso, ya rufe tanki da leda da dare. Bayan haka sai wankan ruwan gishiri na ɗan lokaci, wanda shi ne mafi tabbas a cikin magungunan gida. Wasu suna jiƙa ganyen shuwaka, wasu tafarnuwa, wasu darbejiya, sai dai a yi hattara da darbejiya, domin idan ta yi yawa ita kanta tana kashe ƙananan kifi.

Ga masu sayar da irin kifi a wajen Bagauda da dillalan kifi na Sabon Gari, idan akwai sunan da kuka gada wanda ya fi wannan zama a baki, ku kawo shi. In babu, a rubuce-rubucena zan riƙa cewa funfunar ruwa ga halittar, cutar auduga kuma ga alamar da ake gani a jikin kifin.