Neman kalma: yaya za mu ce "resilience" na wuta da ruwa da asibiti?

Mai gabatar da shiri: Jama'a a taimaka. Gobe da safe ina da shiri a rediyo kan yadda hukumomin wuta, ruwa, lafiya da sadarwa za su haɗa kai tun bala'i bai zo ba. Misalina ambaliyar Maiduguri ta Satumbar 2024, da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya shiga har asibitin koyarwa. Kalmar nan ta Turanci, "resilience", ce ta tsaya mini.

'Yar Zariya: Juriya mana.

Injiniya: Juriya rabin magana ce, Hajiya. In wuta ta ɗauke, injin gidan ruwa ya tsaya, firjin allurar rigakafi ya daina sanyi, eriyar waya ta koma kan janareto har dizal ya ƙare. Abin nufi shi ne abu ya sha duka, ya ci gaba da aiki ko kaɗan ne, kuma ya dawo da wuri. Ku tuna 2021, da aka fasa turakun layin Damaturu, Maiduguri ta yi watanni babu wutar gwamnati.

Malamin Hausa: To ga tawa: "jurfaɗo", daga jure da farfaɗo.

'Yar Zariya: Malam, mai sauraro a ƙauye ba zai gane ba, kuma rediyo ba a maimaitawa.

Malamin Hausa: Wace kalma ce aka haifa an santa? Da Bature ne ya ƙirƙiro ta da kun karɓa hannu bibbiyu. Kuna cewa "ababen more rayuwa", ruwan sha da asibiti morewa ne?

Badamagare: Nan kam Malam ya yi gaskiya. Amma ku daina yanke hukunci daga Kano da Zariya kamar mu a Nijar ba Hausa muke yi ba. Me ya hana "ƙarko"?

Injiniya: Ƙarko daɗewa ce, ba ta da dawowa bayan faɗuwa.

Malamin Hausa: Shi ya sa na ce jurfaɗo.

Mai gabatar da shiri: Allah ya saka da alheri, dare ya yi. A buɗe shiri zan ce "juriya da saurin farfaɗowa", daga nan in riƙa cewa "juriya". Maimakon "ababen more rayuwa" kuwa zan ce "ginshiƙan rayuwar jama'a".

Malamin Hausa: Wannan bayani ne, ba kalma ba. Amma je ka da shi gobe. Ni dai a ajina jurfaɗo zan koyar.