Ɗaukar nauyin miji ko mata zuwa Amurka: abin da masana suka jaddada

Ɗan ƙasar Amurka ko mai katin zama na dindindin (green card) ne ke shigar da fom I-130, wato takardar neman a amince da dangantakar auren, a hukumar kula da shige da fice ta Amurka, USCIS. Takardar aure kaɗai ba ta gamsar da jami'ai. A haɗa da asusun banki na bai ɗaya, takardar hayar gida, da shaidar mutuwar auren baya in akwai.

Inda aka fi jan kunne shi ne I-864, wato fom ɗin alkawarin ɗaukar nauyin miji ko matar ta fuskar kuɗi. Sai kuɗin shigar mai ɗaukar nauyin ya kai kashi 125 cikin ɗari na ma'aunin talauci na gwamnati, in ya gaza a nemo wanda zai tsaya masa. Kuma fa ko an rabu, alhakin yana wuyansa.

In auren bai cika shekara 2 ba, katin zama na wucin gadi ake bayarwa. A shigar da I-751, wato fom ɗin neman a mayar da katin na dindindin, cikin kwana 90 kafin wa'adinsa ya cika.