Wa ke yanke matakin haɗarin mutumin da ke cikin rajistar masu laifin lalata?

Maman Sadiya, Bronx:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Makon jiya wata maƙwabciyata ta nuna mini shafin gwamnatin jihar Niyu Yok inda ake wallafa sunayen waɗanda kotu ta taɓa samu da laifin fyaɗe ko lalata da yara. Muka sa lambar unguwarmu, sai ga hoton wani mutum da nake haɗuwa da shi kusan kowace safiya a shagon bakin layi idan zan raka 'yata makaranta. A gefen hoton an rubuta cewa yana mataki na biyu. Tun daga ranar ban ƙara barin yarinyar ta sauka sayen burodi ita kaɗai ba, barcina ma ya ragu. Abin da nake son sani shi ne, wa ya ce matakinsa na biyu ne? Likita ne ya duba shi, ko alƙali, ko 'yan sanda? Kuma da wane mudu ake auna ko mutum zai koma ga laifinsa, alhali zuciya ba a buɗe ta a gani? Ina roƙon wanda ya san dokar ya yi mini bayani dalla-dalla.

Alhaji Tafinta:

Wa'alaikumus salam, Hajiya. Allah ya tsare mana zuri'a. Aikina fassara ne a kotuna, kuma na sha zama a irin zaman da ake yanke wannan mataki, saboda haka zan faɗa miki abin da ido ya gani.

Asalin abin daga maƙwabciyarmu jihar Niyu Jasi ne. A watan Yulin 1994 wani mutum da aka taɓa ɗaurewa sau biyu kan lalata da yara ya kashe Megan Kanka, yarinya 'yar shekara 7 da gidansu ke kallon nasa, kuma iyayenta ba su san tarihinsa ba. Jihar ta yi dokar sanar da jama'a a wannan shekara, gwamnatin tarayyar Amurka ta bi sahu a 1996, kuma tamu dokar ta Niyu Yok ta fara aiki a farkon 1996 ɗin.

A nan alƙali ne ke yanke matakin, amma ba da ka yake yi ba. Kafin a saki mutum daga gidan yari, wata hukumar ƙwararru mai mutum 5 takan cika takardar ma'auni mai abubuwa 15, kowane da makinsa. Idan wanda aka zalunta bai wuce shekara 10 ba, maki 30 ne. Idan yana tsakanin 11 da 16, maki 20. Idan mai laifin bai san shi ba kafin ranar, a ƙara 20. Tarihin shaye-shaye yana jawo 15, ƙin amsa laifi yana jawo 10, fita ba tare da jami'in sa ido ba yana jawo 15. Daga nan sai a tara: maki 70 ko ƙasa da haka mataki na ɗaya, 75 zuwa 105 mataki na biyu, 110 zuwa sama mataki na uku. Akwai kuma abubuwan da ke kai mutum mataki na uku kai tsaye, kamar a ce an taɓa samunsa da babban laifin lalata a baya, ko ya yi wa wanda ya zalunta mummunan rauni.

Takardar shawara ce kawai. Ana zaman kotu, mutumin yana da lauya, kuma mai gabatar da ƙara ne zai kawo hujja bayyananniya a kan kowane maki. Na taɓa ganin an kwashe fiye da rabin sa'a ana ja-in-ja a kan maki 15 na shan giya, domin su ne za su tsallakar da mutum daga 65 zuwa 80, wato daga rajistar shekara 20 wadda ba a sa ta a intanet zuwa rajistar tsawon rai da hotonsa a gaban duniya. Alƙali yana da ikon ɗaga matakin ko sauke shi idan ya ga dalili. A 2011 masu gabatar da ƙara na Manhattan sun nemi a sa attajirin nan Jeffrey Epstein a mataki na ɗaya, alƙaliya ta ƙi, ta ajiye shi a na uku.

To, mataki na biyu yana nufin kotu ta ɗauki haɗarinsa matsakaici. Ki kuma lura cewa 'yan mataki na ɗaya ba sa fitowa a shafin da kika duba, sai dai mutum ya kira hukumar da ke riƙe da rajistar ta waya da suna da wata shaida kamar adireshi ko ranar haihuwa.

Malama Rabi, Bamingam:

Yayata Maman Sadiya, tambayarki ta ƙarshe ita ce ta fi taɓa ni, domin aikin kula da iyalai nake yi a Ingila, kuma ita muke fama da ita kullum. Gaskiyarki, ba a buɗe zuciya. Abin da ake yi ya fi kama da abin da manomi yake yi idan ya dubi hadari: bai san ko wannan gajimaren zai zubar ba, amma ya san sau nawa irinsa ya zubar.

Ma'aunin da ya fi yaɗuwa shi ne Static-99, wanda Karl Hanson na Kanada da David Thornton na Ingila suka fitar a 1999, aka gyara shi a 2009. Sun bi tarihin maza masu yawa bayan sakinsu, suka ware abubuwa 10 da suka fi bambanta waɗanda suka koma da waɗanda ba su koma ba. Wasu kowa zai yi zato, kamar yawan laifukan baya da kuma ko wanda aka zalunta bare ne. Wasu kuwa suna ba mutane mamaki: shekarun mutum ranar da aka sake shi, domin haɗari yana raguwa sosai idan an tsufa, da ko ya taɓa zama da abokiyar zama shekara 2 a jere, da ko akwai namiji cikin waɗanda ya zalunta. Makin yana farawa daga 3 ƙasa da sifili zuwa 12. Ba a auna mata da shi, kuma ba don ƙananan yara aka yi shi ba. Abin da yake faɗa shi ne cikin mutum ɗari masu irin wannan makin kusan nawa ne suka sake aikatawa. Bai taɓa nuna wanne ne daga cikinsu ba.

Ina ganin dokar da ke auna mutum ta fi wadda ke bin sunan laifi kawai. Dokar tarayyar Amurka ta 2006, mai sunan Adam Walsh, ta raba mutane aji uku bisa laifin da aka same su da shi: shekara 15, shekara 25, ko tsawon rai, ba tare da duba ko wane ne mutumin ba. Jihohi da dama, har da taku, ba su ɗauki tsarin gaba ɗaya ba duk da barazanar zaftare musu kashi 10 cikin 100 na wani tallafin tsaro. Kalifoniya kuwa ta daɗe tana sa kowa rajistar tsawon rai, sai a 2021 ta koma aji uku, kuma maki mai yawa a Static-99 yana iya kai mutum aji na uku.

Mu a nan ba a wallafa sunaye. 'Yan sanda da jami'an sa ido da hukumar gidan yari ne ke zama tare su tsara yadda za a bi kowane mutum, kuma uwa tana iya zuwa ta tambayi 'yan sanda game da wani da ke kusantar ɗanta, a faɗa mata a asirce. A 2010 Kotun Ƙoli ta ce bai halatta a bar mutum a rajista har abada ba tare da damar sake duba lamarinsa ba, shi ya sa yanzu baligi yake iya neman a duba bayan shekara 15.

Game da yawan masu komawa, hukumar ƙididdiga ta ma'aikatar shari'ar Amurka ta bi masu laifin lalata 9,691 da aka saki daga gidan yari a 1994, ta samu kashi 5.3 cikin 100 an sake kama su da laifin lalata cikin shekara 3. Binciken da ta fitar a 2019, wanda ya bi mutane shekara 9, ya samu kashi 7.7.

Barista Ɗan Kawo, Kaduna:

Malama Rabi, ina girmama iliminki, amma waɗannan alƙaluma ba su kwantar mini da rai ba. Su fa waɗanda aka sake kamawa kawai suke ƙirgawa, kuma duk wanda ya yi aiki da iyalan da abin ya shafa ya san yadda ake rufe wannan magana. Na taɓa zama da wata uwa a barandar kotu, takardar asibiti a naɗe cikin gefen mayafinta, dattawan gidansu uku suna tsaye a kanta suna cewa ta janye don kada a ɓata wa yarinyar suna. Ta janye. Mutumin nan ba ya cikin ƙididdigar kowa.

A Najeriya sashe na 1 na dokar hana cin zarafin mutane ta 2015 ya ce a ajiye rajistar waɗanda aka samu da laifin lalata kuma jama'a su iya dubawa, hukumar NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane ta ƙaddamar da ta ƙasa a watan Nuwamban 2019, bayan Ekiti da Legas sun riga sun buɗe nasu. Sashen bai yi maganar auna haɗari ba. Ni kuwa ba zan so a kwaso ma'aunin da aka gina kan fursunonin Kanada da Turai a ɗora mana ba, domin rabinsa tarihin laifukan baya ne, mu kuma mutum yana iya gama ɗauri a wata jiha ya koma wata a karɓe shi kamar sabon haihuwa. Ma'aunin zai ba shi maki kaɗan, alhali takardunsa ne suka ɓata.

Malama Rabi, Bamingam:

Barista, na yarda da kai a kan duka biyun, kuma masu ma'aunin ma suna gargaɗin cewa kamu bai kai yawan aikatawa ba. Amma labarin uwar nan yana nuna wani abu da Yaya ya kamata ta ji. Wani bincike na 2008 a kan bayanan jihar Niyu Yok ya samu cewa fiye da kashi 95 cikin 100 na kamun da aka yi kan laifin lalata, na mutanen da ba a taɓa samunsu da irin laifin ba ne, wato ba sa cikin kowace rajista. Ƙididdigar ma'aikatar shari'ar Amurka ta shekarar 2000 kuma ta nuna cewa cikin yaran da aka kai wa 'yan sanda rahoton an zalunce su, kashi 7 ne kawai baƙo ya zalunta. Sauran dangi ne ko sanannu.

Maman Sadiya, Bronx:

Allah ya saka muku da alheri, Alhaji da Malama da Barista. Na koma shafin na karanta bayanin mutumin a natse, na ga shekarar da aka yanke masa hukunci da shekarun wadda ya zalunta, na kuma ga gargaɗin da ke cewa wanda ya yi amfani da bayanan don tsangwamar wani zai iya fuskantar hukunci, saboda haka na hana maƙwabciyata tura hotonsa a zauren matan unguwa. Zan ci gaba da raka Sadiya da kaina. Maganar Malama Rabi ta ƙarshe ce ta hana ni sukuni, domin akwai mutum biyu da suke ɗauko mini ita daga islamiyya ranar Asabar idan ina wurin aiki, kuma ban taɓa zama na tambaye ta yadda hanyar take ba. Yau da daddare, bayan ta ci abinci, zan tambaye ta.