Me za mu kira "dystopia" da Hausa?

Jama'a, ku taya ni neman Hausar wannan kalma. Wasu suna rubuta "distofiya" su wuce, amma wanda bai yi boko mai zurfi ba, in ya ji ta, babu abin da zai zo masa a rai.

Asali kishiyar "utopia" ce, sunan tsibirin da marubucin Ingila Thomas More ya ƙaga a littafinsa na 1516, inda komai ke tafiya daidai; ita kuwa "dystopia" ƙagaggiyar duniya ce inda al'amura suka lalace. A 1868 masanin falsafa John Stuart Mill ya yi amfani da kalmar "dystopia" a majalisar Birtaniya yana caccakar manufar gwamnati kan ƙasar Ireland.

An kawo shawarar "duniyar ƙunci". Ta dace da littafin 1984 na George Orwell, inda akwai leƙen asiri, azabtarwa da talauci. Sai dai ba duka labaran ke tafiya haka ba. Ku dubi Do Androids Dream of Electric Sheep? na Philip K. Dick, wanda ya fito a 1968. Mutum yana da na'ura a gefen gado, da safe ya danna lamba ta zuba masa irin yanayin da yake so, farin ciki ko kuzarin aiki. Matar jarumin har lokaci take ware wa baƙin ciki a na'urar, don ta tabbatar zuciyarta na nan. Mijin kuwa tunkiyar lantarki yake kiwo a saman bene, yana ɓoye wa maƙwabta cewa ba ta gaske ba ce. Babu mai dukansu, amma ciki fanko ne. "Ƙunci" bai kamo wannan ba.

"Ƙarshen zamani" kuma ku bar ta inda take, ta malamai ce.

Ni dai na karkata ga "baƙar makoma". Tana ɗaukar mai shan bulala, tana ɗaukar wanda na'ura ta shanye wa zuciya, kuma tana zama a jimla ba tare da tuntuɓe ba: adabin baƙar makoma, fim ɗin baƙar makoma. Na san za a ce "makoma" na tuna lahira. Haka ne, amma kullum a rediyo ana cewa makomar ƙasa, makomar matasa, kowa kuma yana ganewa.

Mutanen Sakkwato da Damagaram, yaya take sauka a kunnenku?