Gwajinmu ya ƙi aiki a gaban yara sittin, kuma Laraba za mu koma

Mai neman shawara:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, kaina ya ɗau zafi. Ni ɗalibi ne a aji uku a jami'a, ni aka ɗora wa jagorancin ƙungiyarmu ta 'yan sa kai masu kai darasin kimiyya makarantun firamare. Tun zangon da ya wuce muke ta zama a kan abin nan. Wanda ya riƙe kafin ni ya kammala karatu ya tafi da duk tsarin a kwamfutarsa, ba ya ɗaga waya, sai da na sake rubuta wasiƙar neman izini daga farko. Shugabar makarantar ta ce sai da sa hannun shugaban sashenmu, shi kuma ya yi tafiya ta sati biyu, da ya dawo ya ce a gyara sakin layi na biyu. Sau huɗu ana ɗaga rana kafin a ba mu awa ɗaya.

Mu takwas muka je, yara sun kai sittin. Na tsara gwaji biyar: balan-balan a bakin gora, kyandir a ƙarƙashin kofin gilashi, maganaɗisu, kunna ƙwan fitila da batir, da raba kalar tawada. Na farkon ne ya kunyata mu. Muka juye hodar a cikin ruwan khal, balan-balan ɗin ya ɗan ɗaga kai ya koma ya kwanta. Yara suka kwashe da dariya, daga nan aji ya kuɓuce mana. Ɗayanmu ya hau bayanin asid ya fi minti goma, na baya suna kokawa a kan maganaɗisu. Uku daga cikin biyar ɗin ko taɓa su ba mu yi ba. An sake ba mu dama ranar Laraba. Me ya hana shi kumbura? Kuma yaya ake riƙe yara masu yawa haka?

Malamar firamare:
Wa alaikumus salam. Ƙanina, ka ba mu tarihin wasiƙa da sa hannu, amma ba ka faɗi shekarun yaran ba. Abin da za a yi wa ɗan shekara 6 daban yake da na ɗan shekara 11. Sannan malamar ajin tana ina lokacin da ake wannan kokawar?

Malamin kimiyya:
Kafin a je ga yara, wace hoda kuka zuba? Ina da tabbacin nan matsalar take. Bekin soda daban, bekin foda daban. Bekin soda zallar sinadarin ne. Bekin foda kuwa haɗi ne, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai soda, sauran sitaci ne da busasshen asid. Ka zuba cokali ɗaya na foda, sulusin iskar da kake jira za ka samu.

Ga awon. Gorar roba mai cin rabin lita, ruwan khal mililita 100, irin mai ƙarfin kashi 5 cikin 100, bekin soda cokalin shayi ɗaya, wato kimanin giram 5. Wannan zai ba ka iskar kabon dayoksaid kusan lita ɗaya da rabi, ta isa ta tayar da balan-balan kowa ya gani daga bayan aji. Mililita 100 ɗin nan ba ta iya cinye fiye da giram 7 na soda, don haka ƙara hoda bayan nan asara ce, za ka gan ta kwance fara a gindin gora.

Sauran abubuwan da ke kashe gwajin: sabon balan-balan da ba a taɓa hurawa ba yana da tauri, a hura shi sau biyu da famfon hannu a sace iskar tukuna. Kada a hura da baki, danshi zai shiga, hodar ta dunƙule ta ƙi zubowa. A zuba hodar a cikinsa da busasshen mazurari. A saka bakinsa ya wuce zaren murfin gora, ɗan sa kai ya riƙe wuyan da yatsu biyu, domin ta nan iska ke tsiyaya. Sannan yaro ya ɗaga balan-balan ɗin hodar ta zube gaba ɗaya lokaci guda. Gorar da ta gaza rabin lita kumfa za ta hau ta cika balan-balan ɗin da ruwa.

Kuma gwaji biyar a awa ɗaya ganganci ne. Ɗaya za ku yi.

Mai neman shawara:
Malama, 'yan aji biyu ne, shekara 7 zuwa 8. Malamar ajin mu muka ce ta je ta huta tunda muna da yawa. Malam, na duba gwangwanin, bekin foda ne, na gode. Amma batun biyar ɗin, ba haka kawai na zaɓa ba. A wasiƙar da aka sa wa hannu biyar muka rubuta, kuma kowane ɗan sa kai ya riga ya haddace nasa. Idan na soke huɗu, me zan ce wa waɗanda suka yi sati uku suna shiri?

Malamar firamare:
Kun kori mutum ɗaya tilo da ta san sunayensu. Ita ta san wanda ba a zaunar da shi kusa da wane, ita ke da alamar da take yi aji ya yi tsit. Abin da ke ba ni haushi da masu zuwa daga jami'a ke nan: a shigo da farar riga da kwalaye, a mayar da malamin aji ɗan kallo, a ɗauki hoto a tafi, washegari yara su taso shi da tambayoyi a kan abin da ba a nuna masa ba. Ku kai mata tsarin kwana biyu kafin ranar, ta raba muku yaran da kanta, ta zauna har ƙarshe. Kada ɗan sa kai ya keɓe da yaro, ko rakiya ce zuwa bayan gida. Hoto kuma sai da izinin iyaye ta hannun makaranta.

Malamin kimiyya:
Ka ce musu yara aka je koya wa, ba haddarsu aka je saurare ba. Teburi shida, yara goma-goma, ɗan sa kai ɗaya a kowane teburi. Na bakwai ya riƙe agogo, na takwas ya riƙa kai kaya. Gora biyu a teburi, yara biyar a kan kowace gora, kowa da aikinsa: mai awon ruwa, mai awon hoda, mai riƙe gora, mai ɗaga balan-balan, mai auna kumburin da zare. Yaron da hannunsa ke kan aiki ba ya kokawa. Gora 12 ke nan. Ku tanadi ruwan khal lita 3, soda giram 200, balan-balan 30, tsumma da bokiti.

Minti 5 zama, minti 10 tambaya ɗaya: me kuke zaton zai faru? Kowa ya faɗi, kada a gyara wa kowa. Minti 15 a yi gwajin. Sannan zagaye na biyu, wanda shi ne kimiyyar: gora ɗaya rabin cokali, ɗaya cokali uku, ruwan khal daidai wa daida. Duk za su ce mai cokali uku zai ninka na zagayen farko sau uku. Ba zai ninka ba, kaɗan zai ɗara shi, kuma za su ga ragowar hoda a ƙasa. Ku bar su su yi gardama a kan dalili. Ku sa su taɓa gorar, za su ji ta yi sanyi. Ku ɗaure balan-balan ɗin ku sake shi tare da wanda aka hura da iska zuwa girma ɗaya, na gorar zai riga faɗuwa, domin iskar cikinsa ta fi ta ɗaki nauyi kusan sau ɗaya da rabi. Minti 10 na ƙarshe su zana abin da suka gani. Kalmar asid ba sai ta fito ba sam.

Ɗalibar kemistiri:
Malam, da girmamawa, ban yarda a kashe awa guda a kan gora ɗaya ba. Ɗan shekara 7 ba ya wuce kwata yana kan abu guda. Gwaji uku, minti 15 kowanne, ya fi. Na tawadar ma ba ya cin komai: takardar tacewa a yanka tsawon santimita 10, a ja layi da fensir santimita 2 daga ƙasa, a ɗiga baƙar tawada a kan layin, ruwa a kofi kada ya wuce santimita 1. Idan ɗigon ya nutse, tawadar cikin ruwa za ta narke, ba za ta hau ba. Kuma sai maka, wato alƙalamin kala, mai wankuwa da ruwa. Wadda ba ta gogewa ko gezau ba za ta yi ba. A gwada kowace maka a gida, domin wata baƙar kala ɗaya ce tak a cikinta.

Malamar firamare:
Idan uku za a yi, kada a tayar da yara. Tayar da yara sittin daga teburi zuwa teburi minti biyar ne kowane juyi, ban da kuka. Kayan za a sa a faranti, 'yan sa kai su zagaya da su.

Mai kula da ɗakin gwaji:
Ni kayan da ka lissafa ne suka tayar min da hankali. Wane batir? Idan mai kama da kwabo ne, irin CR2032, kada ya shiga ajin nan. Yaro ya haɗiye shi ya maƙale, cikin awa biyu yana iya ƙona maƙoshi. Ku yi amfani da AA guda biyu a cikin gidansu, bolt 3 ke nan. Ɗan ƙwan LED doguwar ƙafarsa ce ke zuwa ɓangaren da ke da alamar tarawa, idan aka juya ba zai kama ba, ba lalacewa ya yi ba. A sa masa rezista, wato abin rage ƙarfin wutar da ke shiga ƙwan, mai om 100. Batir mai bolt 9 kai tsaye nan take zai ƙone shi. Waya kuma kada ta haɗa kai da gindin batir ba ƙwai a tsakani, zafi take yi.

Maganaɗisu manya na sanda kawai. Ƙananan nan masu ƙarfi masu sheƙi, idan yaro ya haɗiyi biyu suna manne wa juna ta jikin hanji. A ƙirga kafin a raba, a ƙirga kafin a tashi. Fasasshen balan-balan a tsince shi nan take, kuma a tambayi malamar ko akwai yaron da jikinsa ba ya son roba. Gorar nan kada wanda ya rufe ta da murfi bayan an haɗa. Ruwan khal ya shiga ido, a yi ta wankewa da ruwa mai tsabta.

Kuma don Allah ɗalibai, abin da kuka ara ku dawo da shi. A ba da maganaɗisu goma a dawo da bakwai, wayoyi a cukurkuɗe, batura a mace, wanda ya sa hannu kuma ya ɓace sai ranar da yake neman wani aron.

Wani ɗan rukuni:
Rabin 'yan sa kan nan takardar shaida suke nema. Ranar farko takwas, ranar Laraba in ka ga biyar ka gode wa Allah. Ka yi tsarin da mutum huɗu za su iya ɗauka. Ni a ganina ma ku buɗe da kyandir ɗin, abin mamaki ne ke kama yara, ba awo da zare ba.

Malamin kimiyya:
Kyandir shi ne na farkon sokewa. Wuta da gilashi a tsakiyar yara sittin. Bayan haka bayanin da ake yi masa ma kuskure ne. Ana cewa ruwan da aka kifa kofin a cikinsa ya hau kofi ne domin wuta ta cinye iskar oksijin. Wutar tana mutuwa tun da sauran oksijin mai yawa a ciki, kuma tana fitar da wata iskar a madadin wadda ta ci. Babban dalilin shi ne iskar da ta yi zafi ta buɗe, ta huce ta tsuke, shi ya sa ruwan ke yin tsalle bayan wutar ta mutu. Kunna kyandir uku a kofi ɗaya ka ga ruwan ya fi hawa, alhali oksijin ɗin bai ƙaru ba. Wanne daga cikin 'yan sa kanka zai warware wa ɗan aji biyu wannan?

Mai neman shawara:
Na gode ƙwarai. Zan canza hodar, zan kuma yi wa malamar ajin magana. Amma Malam, wanda ke da kyandir shi ya fi kowa ƙoƙari a cikinmu, kuma a gaba zai yi shi, yara ba za su taɓa ba. Ina ganin zan riƙe huɗu, in cire na tawada tunda ba mu da takardar tacewa. Batirin kuma mai kama da kwabon ne muka riga muka saya guda ashirin, ba za a iya naɗe su da salatif ba?

Ɗalibar kemistiri:
Na tawadar ne mafi sauƙi a cikinsu fa. Farar takardar goge hannu mai kauri ma tana yi.

Mai kula da ɗakin gwaji:
Salatif ɗan shekara 7 zai ɓare shi kafin ka juya. A'a.

Malamin kimiyya:
Ka tambaya an ba ka awo har da giram, ka koma kan huɗu. Kafin Laraba ku taru ku takwas, ku yi komai daga farko har ƙarshe da agogo a hannu, da ainihin kayan da za ku tafi da su. Ka dawo ka faɗa mana a minti na nawa kuka gama na biyu.

Mai neman shawara:
Muna da jarrabawa Litinin da Talata, haɗuwar za ta yi wuya. Idan mutum biyar kawai suka zo, teburi shidan yaya za a yi da su?