Kifayen adona sun ƙi fitowa, don Allah a ba ni shawara

Abban Sadik:
Salamu alaikum 'yan gida. Don Allah masu kiwon kifin ado ku taimaka man. Sati biyu ke nan da na sawo akwatin gilashi mai cin lita 60 na aje a falo nan gidana Mabera, na zuba kifi shidda: neon tetra ukku, ƙananan nan masu layin shuɗi da ja, gurami biyu, sai guda mai lasar gilashi da ake ce ma pleco. Wurin mai saidawa wallahi yawonsu suke yi gwanin sha'awa amma tunda sunka zo gida sai ɓoyo. Akwai wani ɗan kogon roba da ya zo tare da akwatin, duk sai su cushe ciki, haushi ya kama ni na hidda shi don dole su fito a gan su, to yanzu sun koma bayan filta, abin tace ruwan nan, sun laɓe, sai ka duƙa ka leƙa za ka hango wutsiya. Fitila fara nake bar musu kunne dare da rana in akwai wuta. Abinci ma sai mun bar falon suke ci. Uwargida har ta fara yi man ba'a wai na kashe kuɗi na sawo ruwa a kwalba. Mi ya kamata in yi?

Ɗan Gawon Nama:
Ka kawo su nan a soya da yaji, ƙarshen kunya ke nan 😂

Malam Bello Mai Kifi:
Wa alaikumus salam. Abban Sadik ai kai da hannunka ka ƙara musu tsoro. Maida kogon nan yau ɗin nan, ka ma ƙara wasu. Ƙaramin kifi abincin kowa ne a ruwa, tsuntsu daga sama babban kifi daga ƙasa, shi ya sa ba ya sakin jiki ya fito fili sai ya tabbata akwai inda zai faɗa in abu ya taso. In maɓoya ta yi yawa za ka ga suna yawo, in babu sai su manne wuri guda. Ba sai ka kashe kuɗi ba, ka samu ƙaramar tukunyar ƙasa ko fasasshen kasko sabo wanda bai taɓa ganin mai ko sabulu ba, ka goge bakin kar ya yanke su, ka wanke da ruwa zalla ka kwantar ciki. Sannan fitilar nan, haba, kifi ba shi da fatar ido da zai rufe, awa 6 zuwa 8 ta ishe su a yini, da dare a kashe su huta.

Abban Sadik:
Ikon Allah, ni da na ɗauka gata nake musu da hasken. Na gode Malam.

Maman Ummi:
Yaya ina ka aje akwatin a falon? Don ni nawa da farko kusa da talabijin yake, sifika na gefe, yara kuma in sun dawo Islamiyya kowa sai ya ƙwanƙwasa gilashin wai yana gaida kifi. Ashe abin da mu muke ji ɗan ƙas-ƙas su a ruwa kamar ganga ne, akwai wani layi a gefen jikinsu da suke jin motsin ruwa da shi. Da na maida shi lungu nesa da ƙofa na ɗora kan tebur mai ɗan tsawo, na manna baƙar takarda a bayan gilashin, kwana huɗu suka canza. Yaran kuma na ce duk wanda ya taɓa ba shi ba zuba abinci, shi ke nan aka samu lafiya.

Abban Sadik:
Hajiya kamar kin shigo gidan, dab da talabijin yake kuma Sadik ne shugaban masu ƙwanƙwasa.

Malam Bello Mai Kifi:
Wani abin kuma da na manta, tetra ukku sun yi kaɗan. Kifin garke ne, asalinsa ƙoramun yankin Amazon a Kudancin Amurka inda itatuwa suka rufe sama ruwan kuma duhu-duhu, a can da yawa suke tafiya. Ƙasa da shidda a tsorace za su zauna ko mi ka yi musu. Amma kar ka ruga ka ƙaro gobe, akwatinka sabo ne. Kashin kifi da ragowar abinci amoniya suke zama, ƙwayoyin da ke cinye ta a cikin soson filta kuma sai sun ɗauki sati 4 zuwa 6 kafin su kafu, in ka ƙara kifi yanzu ruwan zai musu guba. Ka bari nan da sati ukku ko huɗu. Kafin nan kowane sati ka ɗebe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan ka zuba sabo, ba duka ba, kuma soson filta a cikin tsohon ruwan da ka ɗebe za ka matse shi, kar ka kai shi bakin famfo.

Usman Kwalkwalawa:
Ni ban kiwon na gilashi amma gidan masunta na tashi, tun ina yaro nike bin babana gulbin Rima. Wanga mai lasar gilashi da kac ce, in dangin kurungu da tarwaɗa na, to ka bar wahal da kanka, da rana ba ya hitowa, kihin dare na. Kuma in kana son inuwa ka samo kainuwa ka aza saman ruwan, mu nan ƙanan kihi ƙarƙashinta suka taruwa.

Malam Bello Mai Kifi:
Gaskiyar Usman, pleco sai dare, ka kashe fitila ka dawo bayan awa guda za ka same shi manne da gilashi. Kainuwa ma shawara ce mai kyau, gurami na son ta sosai, sai dai in daga gulbi ko tafki aka ɗebo a wanke ta a aje a bokiti daban kamar sati biyu don tana zuwa da ƙwari da ƙwan dodon koɗi. Kuma kar a bari ta rufe saman duka, gurami yana hawowa ya shaƙi iska.

Injiniya Nura:
Kowa na maganar ado ba wanda ya tambayi ruwa. Wane ruwa kake zubawa? In na famfo ne ka tara a bokiti ya kwana ya yini a buɗe kulorin ya fita, ko ka sayi maganin da ake ɗigawa. Sai zafi, nan ne matsalarmu a Sakkwato. Neon tetra ya fi jin daɗi tsakanin digiri 21 zuwa 26, mu kuwa daga Maris zuwa Mayu waje yana wuce 40, ruwan cikin ɗaki sai ya haura 30, ga shi ruwa in ya yi ɗumi iskar cikinsa raguwa take yi, a ɗauke wuta famfon iska ya tsaya. Na yi asarar kifi tara a bazara guda kafin in gane. Ka sayi ɗan ma'aunin zafi da famfon iska mai caji, ka sa ƙaramar fanka tana hura saman ruwan, in ya tsananta ka jefa gorar ruwa mai ƙanƙara a rufe ta yi ta yawo ciki, kar dai ka zuba ƙanƙara kai tsaye. Da hunturu kuma da asuba ruwan na yin sanyi su yi lamo, nan hita ake nema. Ni da ka tambaye ni tun farko guppy ko molly zan ce ka saya, sun fi jure zafinmu kuma ba su san kunya ba, in suna yawo a sama su ma matsoratan sai su ga ashe lafiya lau su biyo su. Amma fa in ka ga kifi yana haki a sama ko fararen ɗigo kamar gishiri a jikinsa wannan ba kunya ba ce, ciwo ne.

Maman Ummi:
A lokaci guda kuma za ka dinga ba su abinci kullum, ɗan kaɗan da za su cinye cikin minti biyu, ka zuba ka zauna shiru kar ka miƙe. Nawa yanzu da sun hango ni suke taruwa.

Abban Sadik:
Jama'a na dawo da labari, yau kwana goma. Na maida kogon, na sa kasko biyu da kainuwa, akwatin ya koma lungu, fitila daga la'asar zuwa bayan isha'i kawai. Gurami sun fito har suna biyo yatsa, tetra suna leƙowa amma da an yi motsi sun shige kasko. Pleco kuwa shekaranjiya na tashi wajen ƙarfe biyu na dare na haska waya sai ga malamin yana aikinsa. Na auna ruwan da azahar 29 na gani. Injiniya fankar nan a bar ta har dare ko da rana kawai?

Injiniya Nura:
Da rana zuwa magariba ta isa yanzu, in bazara ta kankama ka bar ta kwana. Ka dai lura ruwan zai dinga raguwa da sauri, ka riƙa cikawa da wanda ya kwana a bokiti.